Feshin kariya a bayan a-kori-kura: wanne zan zaɓa, kuma yaya zan yi da Yayana?

Wani mai karatu daga yankin Kura a jihar Kano ya rubuto mana kamar haka:

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne. Bara ni da Yayana muka haɗa kuɗi muka sayi Hilux ta hannu, ni nake tuƙa ta. Da ita muke kai taki gona, mu ɗauko albasa da tumatir, wata Juma'ar kuma in kwaso awaki daga Wudil. Yanzu fentin bodin duk ya goge, tsatsa ta fara fitowa a kusurwoyi. Na ga a intanet ana yi wa bayan mota wani feshi baƙi mai kauri kamar roba, sai na tambayi mutum uku. Mai fentin unguwarmu ya ce zai fesa min baƙin nan da ake fesa wa ƙarƙashin mota, da araha. Wani ya ce da Raptor yake yi. Na ukun a Abuja yake, ya ce da injin zafi yake fesawa, kuɗinsa kuma ya ninka na biyun. Yaya ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, a shimfiɗa katako ko a sayi robar nan da ake zurawa a bodi. Har mun fara ɗaga wa juna murya. Wanne zan zaɓa, kuma yaya zan yi da Yaya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa motar albarka, ya tsare muku hanya.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ga aikin da nake so ka yi gobe da safe. Ka share bodin tas, ka wanke shi, ka bari ya bushe. Sannan ka ɗauki sukudireba ka hau. Ka bi kusurwoyin nan huɗu, da gindin bangon gaba da ke jingine da gidan direba, da kewayen tudun taya, da bakin ƙofar baya, kana dannawa da ƙarfi duk inda ka ga ja. In sukudireban ya kankare ɓawo ya tarar da ƙarfe mai ƙwari a ƙasa, alhamdulillahi, tsatsar sama ce. In kuwa ka ji wurin ya lotsa, ko bakin ya huda ya wuce, to maganar feshi ta dakata tukuna, mai walda za ka fara nema. Ka kuma kwanta ka leƙa ta ƙasa da tocila, domin sau da yawa abin da ke ƙasan ya fi na saman muni.

Na fara da wannan ne saboda irin kayan da ka lissafa. Takin kamfa yana ɗauke da gishirin fotash, gishiri kuwa ba shi da abinci kamar ƙarfe. Yuriya ita ma tana tsotso danshi daga iska: ka lura da yadda 'yan ƙwayoyin da suka zube daga buhu suke narkewa su yi jiƙe-jiƙe a lungu ko da ba a yi ruwa ba. Ka haɗa da fitsarin awaki da ruwan tumatir mai tsami da ke tsiyayowa daga kwando. Motar ɗan birni da ke ɗaukar katifa da firji sau biyu a shekara ba ta san wannan wahalar ba. Taka ta sani, shi ya sa tunaninka na kare bodin daidai ne. Ban ga ɓarnar kuɗi a ciki ba, matuƙar an yi aikin yadda ya kamata.

Na mai fentin unguwa, ka yi masa godiya ka bar shi. Baƙin da ake fesa wa ƙarƙashin mota yawancinsa dangin kwalta ne, an yi shi ne don wurin da ba a takawa, ba a jan kaya a kai, rana kuma ba ta dukansa. A bodi, zafin Afrilu zai sa ya yi laushi ya riƙa manne wa buhu, ranar da jarkar dizal ko fetur ɗin injin ban-ruwa ta yi yoyo kuma zai narke ya zama baƙin kunu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, duk ranar da ka so yin na ƙwarai sai an kankare shi kaf, don babu feshin kirki da ke kama jikin kwalta. Ka biya sau biyu ke nan.

Yanzu shawarar Yaya. Robar da ake zurawa tana da amfaninta, tana shanye duka, in an jefa bulo ko garma bodin ba ya lotsawa. Matsalarta tana ƙarƙashinta. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana ciro irin wannan robar daga wata mota da ta yi shekaru tana jigilar kayan gona. Daga sama ba ka ganin komai, tsaf take. Da yara biyu suka ɗaga ta, sai ga wani ɗanyen taɓo baƙi kwance a kowane kwari na kwanon, da ƙwayoyin masara da suka tsira suka ruɓe, ga wari. Duk inda robar take gogar ƙarfe saboda girgizar hanya, yashi ya shiga tsakani ya cinye fentin kamar an sa sanfefa. Da mai motar ya taka kusa da tudun taya, ƙafarsa ta kusa zurmawa. Mutumin nan bai taɓa ɗaga robar ba tun ranar da ya sa ta, kuma ba sakaci ba ne, ba abu ne da ake ɗagawa cikin sauƙi ba. Katako ma haka yake, yana shan ruwa da fitsari ya riƙe su a jikin ƙarfe kwana da kwanaki. Ga mai ɗaukar taki da dabbobi, waɗannan biyun ɓoye ciwo suke yi.

Amma akwai abu ɗaya a ɓangaren Yaya da nake goyon baya ɗari bisa ɗari, ita ce tabarmar roba mai kauri wadda mutum ɗaya zai iya janyewa ya wanke ƙarƙashinta. Zan dawo kanta.

Saura biyu, kuma su ne feshin gaske. Dukansu ruwa biyu ake haɗawa, ɗaya ya sa ɗaya ya daskare, amma ba ajinsu ɗaya ba.

Na injin zafi shi ne wanda kamfanonin Amurka irin su Rhino Linings, da aka kafa a 1988, da LINE-X, da ya zo a 1993, suke yi. A Afirka ta Kudu ma ya daɗe da zama ruwan dare a motocin manoma. Sinadarin foliyuriya ne ko foliyuretan ko gaurayensu. Kada sunan na farkon ya ruɗe ka, ba takin gona ba ne. Injin yana dumama ruwan biyu zuwa wajen digiri 60 zuwa 70, ya turo su da matsin da ya kai psi 2,000, alhali iskar tayar motarka ba ta wuce talatin da wani abu zuwa arba'in da 'yan kai ba. A bakin bindigar suke haɗuwa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan sun kama. Shi ya sa ake iya tara shi ya yi kauri, wajen milimita uku a ƙasan bodi, ba tare da ya zuba ba. Wannan kaurin ne ke shanye duka, ya rage ƙarar kaya, ya kuma jure jan buhu na shekaru.

Raptor kuwa na kamfanin U-POL ne na Ingila. A kwali yake zuwa, kwalba huɗu, kowace da mililita 750 a ciki, a zuba mata 250 na ruwan daskarwa, a girgiza minti biyu, a ɗaura bindiga a bakin kwalbar a fesa da kwamfuresa irin ta kowane mai fenti. Yana da tauri sosai, yana jure rana da mai da fitsari. Sai dai siriri ne, shafi biyu ba ya kai milimita ɗaya. Fenti ne mai taurin gaske, ba katifa ba. Zai hana tsatsa da ƙarzuwa, amma in aka wurgo injin ban-ruwa daga sama, kwanon zai lotsa kamar yadda zai lotsa da can.

In ka tsaya a nan za ka ce ai na Abuja ya ci. Ni ban yarda ba tukuna, domin abin da ke raba aikin da zai yi shekara goma da wanda zai ɓare kafin sallah biyu ba sunan da ke jikin durom ba ne. Sharar fage ce. Feshin kansa ɗan lokaci ne, wahalar duk tana gabansa, kuma nan ne mai gaggawa yake yanke hanya saboda ya san baƙin zai rufe komai.

Ga yadda aikin kirki yake tafiya. A kwance ƙugiyoyin ɗaure kaya da duk murfin da ke kwancewa, a wanke bodin da sabulu, a goge maiƙo da sinadarin cire mai tun kafin a taɓa sanfefa, don in an fara gogewa a kan maiƙo cusa shi ake yi cikin ƙarzuwar. Sannan a bi ko'ina da sanfefa mai kaushi, lamba 80 zuwa 180, har ƙyallin fentin ya mutu gaba ɗaya. Ko'ina nake nufi, har cikin kwaruruwan kwanon da ƙarƙashin leɓen bango inda hannu ba ya son shiga. Duk inda ya rage yana sheƙi, daga nan ɓawon zai fara tashi. Wurin tsatsa kuwa sai an ci shi da giranda ko burushin waya har farin ƙarfe ya fito, inda ya huje a yanke a yi walda da sabon kwano, ba a cike da fila ba. Farin ƙarfen nan ba a barinsa ya kwana tsirara, a ranar ake shafa masa firaima, wato fentin ƙasa da ake fara shafawa, mafi kyau ta efoksi. Bayan nan ne ake rufe jikin motar da takarda da tef, a fesa.

In aka fesa a kan tsatsa, ba ta mutu ba, an dai yi mata rumfa. Za ta ci gaba da ci a ƙarƙashi, danshi ya samu ƙofa ta wata 'yar tsaga, bayan shekara ɗaya ka ga wurin ya kumbura, ka sa farce ya taso kamar ɓawon rogo. A lokacin ɓarnar ta fi ta yau, don yau aƙalla idonka na ganinta. A nan kam da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka kada ka zaɓi kaya, ka zaɓi hannu. Ka ce wa kowannensu ya nuna maka motar da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ba hoton wadda ya gama jiya ba, don jiya kowa gwani ne. In ka samu motar, ka nufi bakin ƙofar baya inda ake jan kaya, ka sa farce a gefen da feshin ya ƙare ka gwada ɗagawa. Ka shafa tafin hannu a ƙasan ka duba ko baƙin gari ya biyo ka. Ka leƙa ramukan fitar ruwa da ke gaban bodi ka ga ko a buɗe suke, domin mai sakaci yakan toshe su, sai bodin ya zama kwatarniya da damina. Ka tambayi mai motar me yake ɗauka. Wanda ya ƙi nuna maka tsohon aikinsa ya riga ya ba ka amsa.

Shi na Abuja, ka ƙara masa tambaya biyu. Milimita nawa zai zuba a ƙasa, kuma zai rubuta maka a rasit tare da alkawarin gyara in ya ɓare? Sannan nasa aromatik ne ko alifatik, wato wanda rana ke kashe wa launi ne ko mai riƙe launinsa? Wannan ba ƙaƙale ba ne. Yawancin na injin zafi aromatik ne, rana tana kashe masa launi ya koma toka-toka yana fitar da gari, sai in an bi shi da wani shafi na sama mai jure rana. A ƙasar da mota ke wuni a gona ba inuwa, dole a yi wannan maganar tun kafin ciniki. Kuma kowa na iya kiran sunan babban kamfani da baki, ka ce ya nuna maka durom ɗin da takardar da ke jikinsa. Mai Raptor shi ma a gabanka zai buɗe kwalin, ka duba hatimi da kwanan wata, ka ƙirga kwalaben da suka shiga motarka. Kwali ɗaya yakan isa bodin Hilux mai gida biyu shafi biyu, amma ba ya ragowa, don haka in ka ji an ce kwalba biyu sun wadatar, to tina za a tsinka shi da ita.

Akwai maganar kaushi. Mai kaushi sosai yana hana awaki zamewa in ka taka birki, amma yana cin gindin buhu in ana ja, yana kuma riƙe dattin da ke wahalar wankewa. Ka ce a yi maka matsakaici.

Lokaci ma ka lura da shi. Danshin damina yana ɓata waɗannan sinadarai, ƙurar hunturu kuma tana sauka a kan ɗanyen aiki. In son samu ne, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya kankama, a cikin rumfa mai rufi, da safe. Kwalbar Raptor da aka haɗa awa ɗaya take bayarwa a yanayi mai sanyi, a zafin Kano ba ta kai haka, don haka ɗaya bayan ɗaya ake haɗawa. Bayan an gama ba ya son ruwa har kwana uku, kaya mai nauyi kuma sai bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ka tsara abin ya faɗo lokacin da motar za ta iya hutun mako, ba tsakiyar ɗibar tumatir ba, lokacin da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ke cika kuma kowace safiya kuɗi ce. Na injin zafi a nan ya fi sauƙi, washegari ma ana iya loda masa kaya.

Abu ɗaya kuma da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Ruwan daskarwar nan, na kowanne daga cikin biyun, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke jawo asma mai tsanani, wani lokaci ta har abada. A 2003 wani mai wannan sana'a a jihar Mishigan ta Amurka ya rasu bayan ya gama fesa cikin wata mota, a 2006 kuma hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a can ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan aikin. Takunkumin takarda ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba sa tare shi. Kada ka tsaya a kansu kana kallo lokacin feshi, ka duba sharar fagen, ka ƙirga kwalabe, ka koma nesa ta inda iska ke tahowa. In ka ga za a tura ƙaramin yaron shago cikin bodi da bindiga ba takunkumin kirki, ka yi magana. Motarka ce, kana da bakin faɗa, yaron nan kuma ɗan wani ne. Bayan ya bushe sarai ba shi da wannan illar, kayan abinci a buhu da kwando ba su da matsala a kansa.

To wanne? Da ni ne kai, da motar da ta riga ta yi shekaru, da kuɗin da na mutum biyu ne, zan kashe mafi yawan kuɗin a kan walda da kankare tsatsa da firaima mai kyau, in sa a fesa Raptor a nan kusa inda zan iya zuwa in ga kowane mataki da idona, in ƙara kwalba ɗaya ko biyu a ƙasan bodi da ƙofar baya, sannan in shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a kai. Feshin ya tare gishiri da fitsari, tabarmar ta shanye duka, wanda shi ne abin da siririn feshi ba ya iyawa. Wani alherin kuma, in wani wuri ya ƙwarzane nan gaba, ana iya goge shi a sake fesawa a gida. Na injin zafi ya fi shi, ban musa ba. In na Abujan ya nuna maka tsohon aiki mai kyau, ya rubuta kauri da alkawari, kuma aljihu ya ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin taki ba, ka je. Amma ka sa kuɗin man zuwa da dawowa a lissafi, da kuma cewa duk ranar da gefe ya ɗago sai ka sake kama hanyar Abuja.

Yanzu Yaya. Ka ce kun fara ɗaga wa juna murya, wannan ya fi tsatsar tayar min da hankali. Motar ta ku biyu ce, don haka ko da kai ne da gaskiya, ba ka da ikon kai ta a yi mata aiki a bayan idonsa, kuma kada ka yi. Ka kuma duba ta inda yake kallon abin: kai kake tuƙi, kai kake ganin bodin kullum, shi kuwa abin da ya ji shi ne ƙaninsa ya ga wani abu a waya yana so a kashe kuɗi a kai. In haka ya ɗauka, ba laifinsa ba ne ya ce ado ne.

Ka daina nuna masa bidiyo. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban iyali ko yaran gona ba, ka fara da ba shi haƙuri a kan muryar da ka ɗaga, ko da kana ganin shi ya fara. Sannan ka ce, Yaya, ina so ka zo ka duba min wani abu. Ka miƙa masa sukudireban ya danna kusurwar da hannunsa. Gani ya kori ji. Daga nan ku je wurin mai walda tare, ku tambaye shi nawa zai sake muku kwanon ƙasan bodi gaba ɗaya in ya ruɓe, da kwana nawa motar za ta yi a ajiye. Wannan adadin za ku ajiye kusa da kuɗin feshi, shi ya yanke. Ka kuma gaya masa cewa shawararsa ta shimfiɗa wani abu a ƙasa tana cikin tsarin, tabarma ce kawai ta maye gurbin katako. Kuɗin ma kada a ce kowa ya zaro daga aljihu, ku riƙa ware wani abu daga kowane lodi har ya taru.

In duk da haka ya ce a'a, kada ka ja. Ka roƙe shi abu mafi ƙaranci: a kankare tsatsar, a shafa firaima da fenti na yau da kullum, a sa tabarma. Wannan kaɗai zai tsayar da ɓarnar na wani lokaci, kuma aikin ba asara ba ne, don shi ne dai tushen da feshin zai hau kansa duk ranar da ya amince.

Kafin nan, daga wannan makon, ka riƙa shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, kuma duk ranar da ka sauke taki ko dabbobi kada motar ta kwana ba ka watsa wa bodin ruwa ba. Ka ajiye ta gaba ya ɗan fi baya tudu, ƙofar baya a buɗe, ruwan ya tsiyaye. Ka rubuto min abin da sukudireban ya nuna, ka kuma gaishe min da Yaya.